Hotuna Shida Tsakanin Safa da Marwa

A shekarun da na yi ina karatu a Makka, akwai abin da mu ɗaliban ilimi ba ma yarda a kama mu da shi, wato son ƙwallo. Mun ɗage wando, mun saki gemu, littafi a hammata, in wani ya kawo zancen wasa sai mu haɗe rai mu ce ɓata lokaci ne. Amma Allah ya sani, da yawanmu in mun keɓe waya muke zarowa mu duba wa ya ci wa. Ni kam nawa ya fi na kowa, don a Zariya na tashi ina tsare wa 'yan unguwarmu gida, har yau ƙaramin yatsana na hagu a karkace yake. Da na zo Makka sai na binne wannan tarihi, ina ji da kaina ana ce mini ustazu.

A unguwar Tandabawi nake kwana, ɗaki ɗaya da wasu ɗalibai uku, amma gidan zuwana yana Utaibiyya, wajen wani kawuna. Dangantakar da ɗan nisa: kakarsa da kakar mahaifiyata uwarsu ɗaya, tasa kakar ce ta taho aikin Hajji a ƙasa tun zamanin da, ba ta koma ba. Shi a Makka aka haife shi, bai taɓa taka Nijeriya ba, tasi yake ja tsakanin Makka da Jidda. Hausarsa rabi Larabci ce, kuma ba ya kirana da komai sai "ya shehi", yana faɗa yana wani murmushi da ke nuna bai ɗauke ni shehin komai ba.

Wata safiya ya buga mini waya.

"Ya shehi, kana da darasi yau?"

"Babu, Kawu, sai jibi bayan La'asar."

"Tayyib. Akwai wani tsoho da na ɗauko daga Jidda shekaranjiya, shi da 'yarsa. Ba Larabci, ba Hausa, sai Turanci, ni kuwa Turancina bai wuce ina za ka ba. Har yanzu bai yi Umra ba, ƙafa ta ƙi. Ka zo ka tura shi a arabiyya ka samu lada, tunda ku ne masu neman ta."

Arabiyya ita ce keken da ake tura tsofaffi da marasa lafiya a kai a Harami. Na sa jallabiya na same shi a otal ɗin da ya kwatanta mini.

Tsohon yana zaune a bakin gado cikin fararen zannuwan ihrami, kwanansa biyu a cikinsu, don gajiyar hanya ta kayar da shi tun daga filin jirgi. Ƙato ne, dogo, mai faɗin kafaɗa, gemu fari tas, kamanninsa na mutanen Indiya. Na tambaye shi daga ina, ya faɗi sunan wani tsibiri a tekun Pasifik. Na gyaɗa kai irin na wanda ya sani, alhali ko a taswira ba zan iya nuna wurin ba. A ilimina na lokacin, Musulunci ya tsaya a Indunisiya ne, daga nan sai ruwa da kifi. Ya ce kakanninsa daga Indiya Turawa suka kwashe su suka kai su can noman rake, suka tafi da sallarsu, ba su yar da ita ba.

'Yarsa, mace mai kimanin shekara arba'in, ta yi tata Umrar ranar da suka sauka, sai murar nan da Makka ke yi wa baƙi maraba da ita ta kwantar da ita da zazzaɓi. Ta miƙo mini wayarta tana tari, ta ce in taimaka, duk lokacin da muka isa Safa ko Marwa in ɗauki mahaifinta hoto, jikokinsa na can suna jira. Na ce ba komai, Hajiya.

A bakin mota Kawu ya zaro wani ɗan carbi mai ƙwaya bakwai, irin wanda alhazai ke ƙirga ɗawafi da shi, ya miƙo mini.

"Kawu, babin Hajji fa a kaina yake," na ce.

"Halas, ya shehi," ya ce, ya mayar da abinsa aljihu.

Lokacin ana aikin faɗaɗa Harami, an yi wata gada ta wucin gadi da ta zagaye Ka'aba domin masu keke. A kanta muka yi ɗawafi. Tsohon hawaye kawai yake yi yana motsa leɓe, ni kuma ina ƙirga zagaye ɗaya bayan ɗaya har bakwai, ban yi kuskure ba. Ya yi raka'a biyu a zaune, ya sha zamzam, muka nufi Safa.

Sa'ayi sawu bakwai ne. Daga Safa zuwa Marwa ɗaya, dawowa biyu, haka har a ƙare a Marwa. Ƙaramin yaro a Makka ya san wannan. A kan Safa tsohon ya ɗaga hannu ya yi addu'a, sannan ya waiwayo ya ce, "Ɗana, ƙirga tana hannunka, ni kaina ya tsufa." Na ce ya bar mini. Na zagayo gabansa na ɗaga waya zan ɗauki hoton farko, sai na ga ba wayar yake kallo ba, hannuna yake kallo.

"Wannan yatsan mai tsaron gida ne," ya ce.

Shekara uku ina Makka ba wanda ya gano ni, sai wani tsoho daga ƙarshen duniya, a kan dutsen Safa. Kafin in shirya abin da zan faɗa, ya buɗe mini hannayensa biyu. Babu yatsa ɗaya miƙaƙƙe a cikinsu. Ya ce shi ya tsare wa tsibirinsu gida a farkon lokacin da tsibiran tekunsu suka fara haɗuwa suna buga gasa a tsakaninsu, tun yana saurayi.

Magana ba ta ɓata sa'ayi. Na san wannan hukunci, kuma ban taɓa jin daɗin sanin wani hukunci kamar ranar ba. Zikiri ya fi, wannan ma na sani, amma na ajiye shi gefe. Na tura keke na ce, "Baba, yaya aka yi?"

Sai ya fara. Ya ce a jirgin ruwa suka tafi, kwana da kwanaki, rabin 'yan wasan suna amai, sauran suna waƙar coci da murya huɗu har matuƙan jirgin su tsaya saurare. Shi kaɗai ne Musulmi a cikinsu. In an dafa alade sai kyaftin ɗinsu, wani ƙaton masunci, ya shiga wajen girki da kansa ya sa a gasa masa kifi daban da rogo. In zai yi salla, wannan kyaftin ne ke tsayawa a bayansa yana korar masu wucewa, duk da bai san me ake faɗa ba. Alƙibla kuwa, ya ce, ta inda rana ke faɗuwa yake fuskanta ya bar wa Allah sauran.

Da muka iso koren fitilun nan inda maza ke sassarfa, ya buga hannun keken ya ce, "Gudu, ɗana, gudu!" Na sa ƙafa. Ƙaton tsoho a keke, ihrami na kaɗawa, yana dariya kamar yaron da aka ɗora a kan jaki. Wani Baturke da muka wuce ya bi mu da harara, ban damu ba. Muka isa Marwa na ɗauki hoto, muka juyo.

Ya ce da suka sauka aka raba musu takalman ƙwallo masu ƙusoshi, da yawansu ranar suka fara sa irinsu. Ba a yi nisa da wasan farko ba sai ga takalma a zube a gefen fili, kowa ya cire nasa ya koma yadda ya saba. Ruwan sama kuwa bai ɗauke ba tun da aka fara, fili ya zama fadama, ƙwallon fata ta sha ruwa ta yi nauyi, in ka tare ta da ƙirji sai ka tuna da ita har washegari. A nan na kasa haƙuri, na ba shi labarin filinmu na bayan makaranta da yadda damina ke mayar da bakin ragarmu tafki. Ya tambaye ni yadda nake tsayawa in za a buga daga kusurwa, na gaya masa, ya ce ba haka ake yi ba. Muka yi ta gardama a tsakiyar masu talbiya da masu kuka, ni da ko gaisuwa ba na tsawaitawa a Harami don kada a ce ustazu na surutu.

Ya ce tsibiran da ke ƙarƙashin Faransa sun fi su iya wasa nesa ba kusa ba, suna da mai koyarwa na gaske, suna miƙa wa juna ƙwallo a ƙasa kamar da zare aka ɗaure ta. Ranar da suka haɗu da ɗaya daga cikinsu, ya ce ya gaji da sunkuyawa cikin raga har ya daina kallon 'yan kallo. Amma da yamma waɗanda suka lallasa su ɗin suka zo masaukinsu da kifi da ayaba, ba mai jin yaren wani, aka zauna a tabarma ɗaya ana nuna yadda aka ci da hannu da ƙafa ana dariya. Ya ce kafin wannan tafiya bai san akwai mutane a bayan ruwan da yake gani daga gonarsu ba, ya ɗauka su kaɗai Allah ya ajiye a wurin. Ni ma da safiyar nan ban san da shi ba.

Muna isa Safa, na ɗauki hoto ke nan, aka kira Azahar. Na gyara masa keke ya fuskanci alƙibla, muka jira aka tayar, muka yi salla, aka sallaci gawa. Da mutane suka fara motsi sai ya waiwayo.

"Saura nawa, ɗana?"

Ga gaskiyar da na daɗe ban faɗa wa kowa ba: a wannan lokacin ban sani ba. Kaina na can cikin taɓo a wani fili da ban taɓa gani ba. Wani abu ya ɗan motsa a zuciyata, huɗu ne ko shida? Hukuncin kuma a fili yake, na karanta shi, na ma koya wa wasu: in ka yi shakka, ka ɗauki mafi ƙaranci. Amma ɗalibin ilimi ya ce wa baƙo "ban sani ba", bayan ya ce a bar masa? Ƙafafuna sun gaji, na ce ai gajiyar nan ta sawu shida ce.

"Saura ɗaya, Baba."

"To bari in yi shiru in roƙi Allah a wannan na ƙarshen. Sauran labarin a bar shi."

Muka isa Marwa, na ɗauki hoto, ya daɗe yana addu'a. Na kai shi wajen masu aski da ke bayan Marwa aka yi masa ƙwal. A otal 'yarsa ta rungume shi tana kuka, ta yi mini godiya har na ji kunya. Ya shiga ya sa riga da wando ya fito yana sheƙi. Na koma Tandabawi ina jin na yi aikin lada, kuma na sha labari a kyauta.

Washegari Kawu ya gayyace su cin abincin rana a gidansa, don bayan Magariba zai kai su Jidda su hau jirgi. Sun riga sun bar otal, kayansu na bayan mota. Matar Kawu ta yi shinkafa da kaza irin ta mutanen Makka, ta kuma tuƙa tuwo da miyar kuka don baƙo ya ga abincin asali. Tsohon ya ci tuwon nan ya ƙara, ya ce yana tuna masa wani abu da suke yi da rogo. 'Yarsa ta warware, tana can ciki wajen mata, ta aiko da wayar a nuna wa Kawu hotuna.

Ina riƙe da wayar ina turawa da yatsa, Kawu na leƙe. Ga shi a Safa. Ga shi a Marwa yana dariya. Safa, Marwa, Safa, Marwa. Na sake turawa, sai ga hotonsa a wajen aski.

Wanda ya fara daga Safa ya yi sawu bakwai, sau takwas zai tsaya a kan dutse. Hotuna shida ne a hannuna. Na koma baya na sake ƙirgawa, shida. Na ce wataƙila na manta ban ɗauka ba a wani wurin, sai na duba lokacin da ke jikin kowane hoto. Tazararsu kusan ɗaya ce, ban da ta ƙarshe inda salla ta shiga, ita ma in ka cire jiran salla da sallar kanta, abin da ya rage bai wuce sawu ɗaya ba. Sawu biyar muka yi. Na sa mutum ya aske kai, ya tuɓe ihrami, ya buga waya gida an yi masa barka, alhali Umrarsa ba ta cika ba.

Ba wanda ya lura. Kawu na yaba kyan hoton, tsohon na shan shayi. Na miƙa wayar na ce zan sha iska, na fita na zauna a matakala.

A nan ne karatuna ya zama lauyana. Ya ce mini, ai shakka bayan an gama ibada ba a waiwayarta. Na ce wannan ba shakka ba ce, kuma tun a Safa ta zo na danne ta. Ya ce ai akwai malaman da suka sassauta a kan wanda ya yi mafi yawan sa'ayi. Na ce ko su ba su ce a ɓoye wa mai ibadar ba. Ya ce mutumin bai sani ba, Allah ba zai kama shi ba, jirginsa yau ne, ka bar tsoho ya tafi da farin cikinsa. Wannan ta ƙarshen ta fi kowacce daɗi, don ta yi kama da tausayi. Amma na san kaina. Ba tsohon nake tausayi ba, fuskar 'yarsa nake tsoro, da murmushin Kawu wanda zan sha har in bar Makka.

Kawu ya leƙo. "Esh fi, ya shehi? Ka yi zuru kamar wanda 'yan sanda suka tare ba igama, ba takardar zama."

Na gaya masa, kaina a ƙasa. Na jira dariyar, ba ta zo ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya dubi agogo.

"Ni ban yi karatu ba," ya ce. "Amma mutumin nan duniya ya ƙetaro, kuma ka ga ƙafarsa, ba zai sake zuwa ba. Kunyarka ta minti biyar ce. Yalla, shiga ka gaya masa, ni zan fito da akwatinsa."

Ban taɓa jin ƙaunar Kawu kamar ranar ba, kuma ban taɓa jin ƙanƙantar kaina a gabansa haka ba.

Na sa aka kira 'yar, ta tsaya a bakin ƙofa. Na durƙusa a gaban tsohon na faɗi komai, har da shakkar da ta zo mini a Safa na haɗiye. Ban rage wa kaina komai ba, don na san in na fara ragewa ba zan tsaya ba. Fuskar 'yar ta canza.

"Amana na ba ka," ta ce. "An ce mana kai malami ne."

Tsohon ya karɓi wayar, ya bi hotunan da karkataccen yatsansa ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa. Ya ajiye ta. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa, ashe dariya yake yi.

"Alƙalin wasa ya hura tashi lokaci bai cika ba," ya ce. "An taɓa yi mini, amma wancan bai dawo ya faɗa ba. Yanzu mene ne hukunci?"

Na buɗe baki zan zuba, sai na kama kaina. Na ce bari in tambayi wanda ya fi ni. Na buga wa malaminmu waya a gabansu, na karanta masa abin da na aikata. Ya ce abin da ya fi kuɓutarwa shi ne tsohon ya mayar da ihraminsa, ya sake sa'ayin daga farko tunda an kwana, ya sake aski, kuma babu komai a kansa don ba da sani ya yi ba. Ya ƙara da cewa akwai masu sassauci in tsohon ba zai iya ba. Sannan ya ce, "Kai kuma ka same ni gobe." Na fassara wa tsohon duka biyun, na ce zaɓi nasa ne.

"Ba ni fararen zannuwan," ya ce wa 'yarsa.

Muka yi La'asar a masallacin unguwa, Kawu ya ɗebe mu. Yadda ya ratsa cunkoson nan daga Utaibiyya zuwa Harami, yana leƙa kai ta taga yana yi wa kowa magana da yarensa, sai wanda ya gani. Ya sauke mu ya ce yana nan yana zagaye, kada mu wuce Magariba.

Wannan karon mu uku ne. 'Yar na tafe a gefen keken, ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya, duk dutsen da muka isa sai ta faɗi adadin da ƙarfi, ni ma in maimaita, tsohon ya ɗaga yatsa. Ba wanda ya yi zancen ƙwallo. Ya yi ta addu'arsa da wani yare da ban sani ba, ni kuma ina istigfari, ina jin nauyinsa a hannuna fiye da jiya. A koren fitilu na yi sassarfa ba tare da ya ce in yi ba. A sawu na shida cinyoyina suka fara rawa, na ce wa kaina, ka ji yadda gajiyar shida take, jiya ƙarya ka yi. Da muka hau Marwa a na bakwai, 'yar ta ce "bakwai", muryarta ta karye. Ta juyo ta dube ni karo na farko, ta gyaɗa kai.

Mai askin jiya muka koma wa. Ya dubi kan, ya dube ni, ya ce da Larabci me zai aske a nan? Na ce ya dai bi da aska. Ya bi kan nan da ba komai a kansa da aska a tsanake, tsohon na ƙunshe dariya. Ya canza kaya a nan bayan shagon, muka yi Magariba a harabar masallaci, muka sami Kawu inda ya ce.

Na taimaka masa ya shiga gaban mota, na naɗe keken na sa a baya. Na zo yi masa sallama ta taga, ina shirya kalmomin neman gafara, sai ya kama hannuna ya riƙe.

"Ban ƙarasa maka labarin ba," ya ce.

Kawu ya dubi agogo, amma ya kashe mota.

Ya ce a wasansu na ƙarshe wani ɗan gaba ya faɗo masa a gwiwa cikin taɓo, ya ji ƙarar da kunnensa. A lokacin ba a canjin ɗan wasa, sai aka ɗaure masa ƙafar ya jingina da turken raga har aka tashi. Daga ranar bai sake buga ƙwallo ba, gwiwar ce ta kai shi keke a ƙarshe. A kwance ya dawo cikin jirgin. Mahaifinsa kuwa tun farko bai yarda da tafiyar ba, don lokacin saran rake ne, ko rakiya bai yi masa ba, ya ce wanda ya bar gona don wasa kada ya dawo masa da kuka. Duk tsawon hanya abin da yake tsoro ke nan, ba ciwon ba.

"Da babbar mota ta sauke ni a bakin hanyar ƙauyenmu, sai na gan shi a tsaye. Ɗan ƙaramin mutum ne, bai kai kafaɗata ba. Ya juya baya ya durƙusa, ya goya ni. Ya ratsa gonakin rake da ni, ƙafafuna na jan ƙasa, ina jin numfashinsa, ina cewa ya sauke ni ya huta, bai sauke ni ba sai a ƙofar ɗakin mahaifiyata. Har ya rasu bai taɓa tayar da zancen ba."

'Yarsa a kujerar baya ta rufe baki da mayafi. Ta ce ba ta taɓa jin wannan ba.

"Kullum zancen mahaifina Makka," in ji tsohon, "Allah bai nufa ba. Ni na yi Hajjina da Umrata tun ina da ƙafa. Wannan da ka tura ni, ba tawa ba ce, tasa ce. Na so in goya shi da ƙafata, ta ƙi, sai na ari taka." Ya matse hannuna. "Da ka yi shiru, da na koma gida ina murna, alhali na ajiye shi a hanya. Na gode, ɗana."

Ni da na zo neman gafara, ga shi ana yi mini godiya, kuma ni kaɗai na san saura ƙiris a matakalar nan in zaɓi yin shiru. Har yau in na tuna sai in gode wa Allah da bai bar ni da wayona ba, in gode wa Kawu, in yi wa tsohon nan da mahaifinsa addu'a, mutane biyu daga wani tsibiri da ban taɓa gani ba.

Kawu ya tayar da mota. Tsohon bai saki hannuna ba sai da ta fara tafiya, na bi su taku uku ko huɗu kafin ya sake ni. Na tsaya a bakin titi ina share fuska da hannun riga, mutane na ture ni suna wucewa.